Daga ɓawon gartsa zuwa fatar jirgin sama: me injiniyoyi ke ara a jikin halittun ruwa?

Duk wadda ta taɓa sayen kifin gartsa a bakin gadar Binuwai ta Garwa, ko a wajen masu kifi na Kusiri, ta san wuƙar da ke kankare karfasa ba ta cin ɓawonsa. A ɗora kaifi ya zame, a matsa hannu wuƙa ta dakushe. Amma a kama shi kai da wutsiya a tanƙwara, sai ya naɗe kamar bulala. Maƙera da magina sun san wannan haɗin wuyar samu gare shi. Abin da ya yi tauri yakan zo da gautsi, kamar tangaran. Wanda ya ƙi karyewa kuma yakan zo da laushi, kamar jemammiyar fata.

Wannan kifin namu, da masana ke kira Polypterus senegalus, shi wani rukuni na jami'ar MIT ta Amurka ƙarƙashin Christine Ortiz ya yayyanka ya duba, aka buga sakamakon a 2008. Rundunar sojan Amurka na cikin masu ba da kuɗin, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: sulke mara nauyi ake nema, wanda soja zai sa ya iya durƙusawa.

Kafin a je ga abin da suka gani, sai an san ma'auni. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita; silin gashin kai ɗaya kaurinsa wajen 70 ne. To ɓawon gartsa guda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma hawa huɗu ne. Na waje, wanda ake kira ganowin, kaurinsa wajen maikiromita 10 kacal, kuma ɗan'uwan farin rufin haƙorin mutum ne. Ƙarƙashinsa akwai dentin, irin abin da ke cikin haƙori. Sai hawa na uku, zarurrukan da aka shimfiɗa wannan a tsaye wancan a kwance kamar saƙar tabarma. Na ƙarshe ƙashi ne mai kaurin wajen maikiromita 300. Daga waje zuwa ciki ƙarfin na raguwa, har na waje ya ninka na ciki fiye da sau uku. Mahaɗar hawa na farko da na biyu kuma ba miƙaƙƙen layi ba ce. Ta yi tudu da kwari, kuma taurin na sauka sannu a hankali, babu inda aka yanke shi ƙwaf ɗaya.

Amfanin wannan sai an yi cizo yake bayyana. Idan haƙori ya sauka, hawan waje ne ke dakushe tsininsa. Zai tsage, tabbas, amma tsagar zagaye take yi wa wurin cizon ta tsaya nan, maimakon ta yi rassa ta ratsa ɓawon gaba ɗaya kamar yadda gilashi ke yi. Hawan ƙasa masu laushi su shanye ragowar ƙarfin. Kowane ɓawo kuma yana da ɗan turke da ke shiga ramin maƙwabcinsa, shi ya sa jere ke motsi ba tare da ya buɗe ƙofa ba. Babu sinadarin mamaki ko ɗaya a ciki, ƙashi ne da haƙori. Jerin ne aikin.

Da aka zo kwaikwayo, a nan aka fara cin karo. Masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada da suka liƙa ƙananan faifan tangaran a kan abu mai laushi, don yin safar hannun da tsini ba ya huda ta, sun tarar faifan ba fashewa suke fara yi ba, karkacewa suke. Tsini ya taka gefe, faifan ya tashi tsaye, tsinin ya zame ya shige ta ƙasa. Maganin shi ne abin da kifin ya riga ya yi, wato kowane faifai ya hau kan na kusa ya riƙe shi. Amma da an ƙara riƙon sai lanƙwasa ta ragu, safar ta koma katako. Inda za a tsaya tsakanin biyun nan shi ne ainihin aikin injiniya, kuma ya bambanta tsakanin yatsa da tafin hannu.

Irin wannan dabara ce a cikin ƙumba. A tsinci ɗaya a yashin Lagone lokacin rani a juya cikinta, za a ga wani ƙyalli mai launin bakan gizo. Kashi 95 cikin ɗari na wannan rufin sinadarin alli ne, ɗan gidan su dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Figil don yin siminti. Ragowar kashi 5 wani danƙo ne na furotin. Alli kuwa yaro ma karya shi yake da yatsa biyu. Duk da haka, gwaje-gwajen da aka yi a kan irin wannan rufi na ƙumbar teku sun nuna ƙarfin da ake bukata kafin a raba shi biyu na iya kaiwa ninki 3,000 na tsurar ma'adinin. Sirrin jerin bulo ne. Ma'adinin ya zo a faifai-faifai, kowanne kaurin rabin maikiromita, faɗin 5 zuwa 10, an jera su yadda magini ke kauce wa haɗa bakin bulo da bakin bulo, danƙon kuma ya zama kwaɓin da ke tsakani. Tsaga ta taso, ba ta samun hanya miƙe. Sai ta yi ta kewaye, faifan suna ɗan zamewa suna cije juna, har ƙarfinta ya ƙare a hanya. Wanda ya san dalilin da ya sa ake tattake ciyawa cikin lakar gini ya riga ya fahimci rabin zancen.

An gwada a masana'anta. A 2008 rukunin Robert Ritchie a Berkeley ya daskarar da kwaɓin garin alumina (wani ma'adinin tangaran mai tauri), ƙanƙara ta tsiro fale-fale ta ture garin ya jeru, aka busar, aka gasa, aka matse, aka ɗura roba a tsakani, aka sami tangaran mai jimirin da ya ninka na kayan haɗinsa ɗaruruwa. A 2014 kuma a McGill aka zana hanyoyin tsaga masu lanƙwasa a cikin gilashi da hasken leza, aka cika su da roba, jimirin gilashin ya ninka sau 200. To me ya hana a ga wannan a kasuwa? Girma da lokaci. Ƙumba na gina nata cikin shekaru, a ruwa mai sanyi, alhali tandar siminti sai ta kai digiri 1,450. Na ɗakin bincike yawanci ɗan guntu ne da bai wuce tafin hannu ba. Sannan idan robar ta yi yawa abin ya yi laushi, idan ta yi kaɗan gautsi ya dawo. Roba kuma ba ta son zafi, wanda ba ƙaramar magana ba ce ga kayan da zai wuni a ranar Afrilu ta Injamena, inda ko a inuwa ake haura digiri 40.

Abin da ya fi kowanne suna a wannan fage shi ne fatar kifin shak, wanda masu Faransanci ke ce wa requin. A shafa ta daga kai zuwa wutsiya, sumul. A dawo da hannu baya, kamar takardar goge katako. Lulluɓe take da ƙananan haƙora, a jikin masu gudun cikinsu kowanne wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kuma a bayan kowanne akwai 'yan kunyoyi da suka miƙe bin hanyar ruwa, kamar kunyar gona.

Hankali zai ce sumul ya fi kaushi gudu. Ba kullum ba. Dab da jikin duk abin da ke keta ruwa ko iska da sauri, akwai ƙananan guguwa da ke mirginawa, suna jawo ruwa mai gudu suna goga shi a jiki. Wannan gugar ce ke cin mai. Idan kunyoyin sun fi guguwar ƙanƙanta, ba ta iya sauka cikin kwarin. Kan tsinin kawai take taɓawa, ruwan cikin kwarin ya zauna lafiya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fara gwada wannan tun ƙarshen shekarun 1970, kamfanin 3M ya yi leda mai kunyoyi, aka manna wa jirgin ruwan Amurka da ya ci gasar America's Cup a 1987. A 1997 Dietrich Bechert da abokan aikinsa a Balin suka kai ragin gugar zuwa kashi 9.9 cikin ɗari, da kunyoyi sirara kamar reza, tsayinsu rabin tazarar da ke tsakaninsu. Wannan a ɗakin gwaji ke nan, kuma kusan nan ne maƙura.

A sararin sama lissafin ya fi haka ƙanƙanta. Ledar AeroSHARK ta Lufthansa Technik da BASF, wadda hukumar kula da jiragen sama ta Turai ta amince da ita a ƙarshen 2022, kunyoyinta wajen maikiromita 50 ne. Ana shimfiɗa murabba'in mita 950 a jikin Boeing 777-300ER, a sami ragin mai wajen kashi 1 cikin ɗari. Daga kashi 10 zuwa kashi 1, ina sauran suka tafi? Guga kusan rabi ce kawai ta abin da ke jan jirgi baya, ba duk jikin ake rufewa ba, kuma kunyar da za ta jure wanki da ruwan sama ba za ta yi siririn reza ba. Amma kada a raina kashi ɗaya. A jirgi guda ya kai tan 400 na mai a shekara, shi ya sa kamfanin SWISS ya sa wa dukkan jiragensa 12 na wannan samfuri.

Yanzu a kawo shi gida, tunda akwai masu tambayar ko za a manna wa jirgin ruwa mai inji da ke zirga-zirga a tafkin Lagdo ko tsakanin tsibiran Tafkin Chadi. Tazarar kunyoyi ba zaɓi ba ce, gudu da kaurin ruwa ne ke yanke ta. Ga jirgin da ke tafiyar kilomita 18 a awa, lissafi na ba da tazarar wajen maikiromita 70 zuwa 80, kaurin gashi guda. A ninka wannan tazara sau biyu, ribar ta ƙare. A ƙara, ta koma hasara, domin guguwar ta sami wurin zama cikin kwarin, fatar ta zama kaushi zalla. A manna ledar a karkace fiye da digiri 15 ko makamancin haka daga hanyar ruwa, riba ta fara zubewa. Sai kuma gansakuka da laka, waɗanda cike ramin da bai fi gashi ba ba ya ɗaukar su lokaci. Ga shi kuma babban abin da ke cin man irin wannan jirgi shi ne igiyar ruwan da yake turawa da lodin da aka yi masa. Kankare gindin jirgi da gyara farfela sun fi wannan leda riba nesa ba kusa ba. Mota ma haka: yawancin turjiyarta daga iskar da ke yamutsewa a bayanta ne, don haka sitika mai sunan fatar shak ado ne kawai, balle ga ƙurar hunturu.

Wani amfani na daban da aka ciro daga fatar shi ne hana ƙazanta kama wuri. Anthony Brennan na jami'ar Florida ya tsara wani zane mai suna Sharklet, 'yan sanduna masu faɗin maikiromita 2 da tsayin 3, an jera su cikin siffar lu'ulu'u. Ba ya kashe ƙwayar cuta, wurin zama yake hana ta, kuma a gwajin farko irin gansakukar teku da ke manne masa ya ragu da fiye da kashi 80. Ana yin shi don kayan asibiti. Sai dai maiƙon hannu da datti na iya cike zanen, saboda haka bai ɗauke wa kowa wanki da sabulu ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne inda aka ari kama aka bar dalili. Rigar ninƙaya ta Fastskin da Speedo ya fitar lokacin wasannin Olamfik na Sidni a 2000 an tallata ta da sunan shak. A 2012 George Lauder na Harvard ya gwada yadin ya tarar zanen samansa bai rage turjiya ba, a ganinsa matse jikin ɗan wasa ne ya fi yin aikin. Mercedes-Benz kuma a 2005 ta nuna motar gwaji da aka zana daga kifin akwati, ɗan'uwan talibambam na teku, bisa zaton siffarsa na keta ruwa da daidaita tafiya. Motar ta yi kyau a ramin gwajin iska, amma bincike a jami'ar Antwerp a 2015 ya nuna kifin kansa turjiyarsa ta ninka ta kifaye masu siffar gudu aƙalla sau biyu. Jikinsa na juyi ne a lungunan duwatsu. Injiniyoyin ne suka gyara motar, kifin suna kawai ya bayar.

Aron da aka yi a jikin babbar dabbar teku mai doro, wadda ake ce wa kifin wel ko da yake shayarwa take yi, ya fi wannan tushe. Fiffikenta na kaiwa mita 5, bakinsa na gaba duk ƙulu-ƙulu. Gwajin 2004 da Frank Fish ke ciki ya nuna ƙulun na sa fiffike ya ci gaba da riƙe iska har kusurwar digiri 16, inda sumul ke saki a 12. Kamfanin WhalePower na Kanada ya kai shi ga fanka da farfelar iska. Ribar tana wurin da fiffike ke aiki a tsaye sosai. A kwance, ƙulun na iya ƙara turjiya. Mai sayen fankar sola a Marwa ya tambayi yawan iskar da take bayarwa a kan kowane wat, ya bar kallon bakin farfela.

Sai gam. Kowane kafinta ya san gam ba ya kama jiƙaƙƙen katako, domin ruwa ya riga shi zama a wurin. Ƙumbar teku kuwa a cikin ruwan take ɗaure kanta da dutse, da wasu zarurruka masu faifai a baki, igiyar ruwa ta yi ta duka ba ta ɓalle ba. Tamu ta kogi ba ta yin haka, cikin yashi take nutsewa. A 1981 Herbert Waite ya gano furotin ɗin gam ɗin ta teku cike yake da wani sinadari mai suna DOPA, wanda ke da 'yan hannaye biyu da ke ture ruwa su kama dutse ko ƙarfe kai tsaye. Amma yadda dabbar ke aikin ya fi sinadarin muhimmanci. Takan kafa ƙafarta a dutse ta rufe wurin ruf, ta tsamama cikinsa zuwa wajen pH 3 ko ƙasa (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba tsami mai yawa), ta zuba gam ɗin yana ruwa-ruwa ya kama. Sannan ta janye ƙafa, ruwan teku mai pH 8 ya shigo, ƙwayoyin ƙarfe su ɗaure zarurrukan da juna, ya daskare. Duka cikin 'yan mintoci. Wanda ya juya wannan jeri ya yi asara: DOPA ya sha iska a ruwa mara tsami kafin ya taɓa dutse, sai ya kama kansa da kansa, ya bar abin da aka ce ya kama.

A 2007 Haeshin Lee da Phillip Messersmith suka fito da hanya mafi sauƙi. A narka miligiram 2 na dofamin, wani sinadari ɗan'uwan DOPA, a kowace mililita ta ruwa mai pH 8.5, a tsoma abu, ƙarfe ne ko gilashi ko roba, a bar shi. Ruwan zai yi duhu, cikin awa 24 wani rufi mai kaurin wajen nanomita 50 ya kwanta, wato kashi ɗaya cikin ashirin na maikiromita. Shi ba gam ba ne, shimfiɗa ce da wasu abubuwa ke iya kamawa, shi ya sa ake gwada shi a matatun ruwa da kayan tiyata. Aibinsa tsada, da baƙin launi, da kuma cewa yawancin sinadarin a gindin kwano yake ƙarewa. Wanda ya shiga kasuwa da gaske shi ne na Kaichang Li na jami'ar jihar Oregon, wanda ya ɗauki darasin ƙumba ya haɗa garin waken suya da sinadarin da ke hana takarda narkewa a ruwa, aka sami gam ɗin katakon filawud mara sinadarin fomaldehaid mai illa ga lafiya, wanda ake sayarwa da sunan PureBond tun 2005. Waken nan dai da ake awara da shi. Sai dai kada a ce za a dama garinsa a shago: ba tare da sinadarin ɗauri da injin matsi mai zafi ba, damina ɗaya za ta ɓanɓare shi.

Majeman Marwa ba baƙi ba ne a wannan ilimi, ko da ba da wannan suna suka san shi ba. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, da na kwasfar ɗorawa da ake makuba da ita, hannayensa irin na DOPA ne. Baƙin da ke fitowa idan ruwan bagaruwa ya gamu da tsatsar ƙarfe, ɗaurin nan ne na ƙarfe da hannaye biyu. A 2013 wani rukuni a jami'ar Melbourne ya nuna haɗa irin wannan sinadari na jima da gishirin ƙarfe na shimfiɗa rufi a jikin abu nan take, da kaya masu araha. A ganina, idan akwai reshen wannan fage da ɗakin binciken jami'ar Marwa ko ta Gaundare zai iya shiga ba tare da injin miliyoyi ba, to wannan ne, domin kayan aikin a kasuwa ake auna su da kwano.

Akwai kuma yauni, wanda masuntan Shari da Tafkin Chadi suka san darajarsa. A lura da shi cikin ruwa: jikinsa miƙe kamar sanda, dogon fiffiken bayansa ne kaɗai ke kaɗawa, kuma baya yake tafiya kamar gaba bai bugi komai ba. Wannan ne ya ɗaure wa Hans Lissmann na Kambirij kai, har a 1951 ya gano wutsiyar na fitar da wata raunanniyar wutar lantarki ba tsayawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Ba ta bugu ba ce irin ta minjirya. Wutar na kewaye jiki, ƙofofin fatarsa na auna ta, duk abin da ya shigo kusa ya lanƙwasa ta: ƙarfe da nama na jawo ta, dutse da gilashi na ture ta. Shi ya sa ba ya son lanƙwasa jiki, kada ma'auninsa ya rikice. A gwajin 1958 da Ken Machin, yauni ya gane sandar gilashi mai kaurin milimita 2 da aka ɓoye cikin tukunyar yumɓu.

Masu ƙera na'urorin ƙarƙashin ruwa a Nantes ta Faransa da jami'ar Northwestern ta Amurka sun ari wannan ji, na biyun har da fiffike mai kaɗawa daga wani kifin Kudancin Amurka mai irin halin. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya ga Lagone a watan Agusta: kyamara ba ta ganin komai a jan ruwa, na'urar amsa-kuwwa kuma ruɗewa take a wuri mara zurfi mai ciyawa, farfela ta naɗe ciyawar ta tsaya. Ginin na'urar ba wuya: sanda mai hana wuta wucewa, zobban ƙarfe a jere, ɗaya na fitar da wuta mai kai da komo ta 'yan bolt kaɗan, sauran na auna canjin. Dole wutar ta zama mai kai da komo, in ba haka ba zobban su yi kumfa su ci tsatsa, awon ya lalace. Iyakarta nisa, domin alamar na mutuwa da sauri, ba ta wuce kimanin tsawon jikin na'urar ba. Don duba ƙafar gada, ko bakin famfon ban-ruwa da laka ta toshe a gonakin shinkafa na Yagwa, wannan nisan ya isa. Abin da zai ba mai ƙira wahala shi ne ruwan kansa: na sabuwar ambaliya gishirinsa kaɗan ne, na tafkin da rani ya ƙafe kuma ya sha kanwa, wuta ba ta bin su daidai. Na'urar da aka saita a watan Satumba, sai an sake saita ta kafin Maris.